Rijiyar Bappa Abdulbaqi

Ibadan,
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga Inna Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen Ƙofar Wambai. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau. Mijina Mansir yana gaishe ki, ya ce tun da muka baro Bauchi bai ci masar kirki ba.

Na san halinki, a wurinki waya ta gaisuwa ce, magana kuwa sai a takarda. Shi ya sa na ba Ja'afaru direba wannan ya kawo miki. Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ya ce in ware babi guda a kan ƙungiyarku, Zauren Masu Hannu. A cikinta na girma, amma sai da na ɗauki biro na ga ban san yadda aka fara ta ba, ko abin da kuka sa a gaba tun asali. Don Allah ki rubuto mini duka, kada ki taƙaita.

Ki gaishe mini da Bappa Abdulbaqi da Felicia.

'Yarki,
Ni'ima


Ƙofar Wambai, Bauchi,
19 ga Maris, 2024

'Yata Ni'ima,

Wa'alaikumus salam. Barkanku da shan ruwa. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, tana barina in yi sallah a tsaye in ta ga dama. Takardarki ta faranta mini rai. Da ƙanwata mahaifiyarki tana raye, da ta ce na samu wanda zan cika wa kunne.

To, ga yadda aka yi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da zane a makarantar 'yan mata. Na ga yaran da in sun riƙe allura ko yumɓu sai ki rasa bakin magana. Bayan shekara biyu sai in tarar da su a bakin kasuwar Wunti suna sayar da katin waya. Ba laifi ba ne, amma yana ci mini rai. Da na yi ritaya a 2012 sai na share zauren gidan marigayi mijina, na gayyato mutum huɗu: Matta mai ginin tukwane, Kubura mai ɗinkin hula, wani baduku da ya rasu tuni, da bappanki Abdulbaqi, yayan mahaifinki, wanda a lokacin ya rufe marinarsa yana zaman gida don rini na sinadari ya kashe masa kasuwa. Tabarma biyu muka fara da su. Rajista ma sai bayan shekara uku.

Abin da muka sa a gaba bai canza ba. Mai hannu ya samu wurin aiki da kayan aiki ba tare da an ci riba a kansa ba. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, ba a tambayar gidansu ko addininsa. Kuma kada a tsaya a kan abin da kakanni suka yi. Ba gidan tarihi muka buɗe ba. Felicia da kike gaisarwa, daga Bogoro ta zo mana shekara shida da suka wuce ba ta san bambancin baba, ganyen da ake rini da shi, da ganyen rama ba. Yau tana ɗaure farin yadi da zare, ta tsoma a shuni, ta kwance, sai ki ga duwatsun Bauchi da kekuna a ƙarƙashinsu. Har daga Abuja ana zuwa ɗaukar aikinta a rataye a bango.

Yanzu ki ajiye biro, wannan ba ta babinki ba ce.

Duk aikin Felicia da na sauran yara bakwai masu rini a kan rijiya ɗaya ya tsaya, wadda bappanki ya haƙa mana a bayan gida. Ya koya musu tsomi da motsa ruwa da muciya da bugu. Abu ɗaya ya hana: haɗa rijiya. Wato yawan tokar da ake zubawa, da katsi, wannan dagwalon tsohuwar rijiya da ake busarwa a ƙone, da ranar da ake sa baba, da yadda ake gane ruwan ya nuna. Duk ranar da zai haɗa sai ya kore mu, ya ja ƙofar langa-langa. Shuninsa kuwa kin sani, baƙi-baƙi mai sheƙi, a wanke shi sau nawa ba ya sakin jiki. Na yi masa magana ya fi sau ashirin. Kullum amsarsa ɗaya: mahaifinsa ya ɗauki alkawari a bakinsa cewa ba zai ba kowa ba sai jininsu.

'Ya'yansa maza biyu sun rasu, jikokin ba mai sha'awa. Makon jiya na gan shi ya tsaya yana haki da muciya a hannu. Na ce, "Malam, in ka faɗi fa?" Sai ya ce, "Ni'ima ta zo. Mace ce, amma 'yar ƙanena ce. In na ba ta, abin da ta yi da shi ruwanta."

Kin ji fa. Shekara goma sha biyu ina jiran wannan. Haɗin yana cin kamar kwana goma sha biyu. Ki roƙi Mansir, ki zo bayan Sallah ki yi mana mako biyu.

Innarki,
Yelwa


Ibadan,
21 ga Afrilu, 2024

Inna,

Barka da Sallah. Allah ya maimaita mana. Na ji daɗin tarihin, malamina ma ya yaba. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi.

Inna, ki yi haƙuri, ba zan iya zuwa yanzu ba. Jikina ba ya son doguwar tafiya a 'yan kwanakin nan, hanyar kuma kin san yadda take, kwana da yini a mota. Ban san lokacin da zai yiwu ba, kada in yi miki alkawari.

Amma na yi tunani. Tun da Bappa ya ce in ya ba ni abin da na yi da shi ruwana, to ai Felicia zan ba. Me zai hana ya ba ta kai tsaye a madadina? Ita ce ke bakin rijiyar kullum, hannunta ya fi nawa sau goma. Na rubuta masa 'yar takarda a kan haka, ga ta a cikin ambulan. Tun da idonsa ba ya ganin rubutun boko, ki karanta masa. Na san ke kaɗai yake saurara.

'Yarki,
Ni'ima


Ibadan,
30 ga Yuni, 2024

Inna,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Yaya damina?

Yau sati goma ke nan. Sau uku Ja'afaru yana zuwa hannu rabbana, ya ce kin ce ba saƙo. In na kira ki a waya sai ki tambayi Mansir, ki tambayi ruwan sama, da na ce Bappa sai ki ce yana nan, ki yi sallama. Felicia ma ba ta ɗaukar wayata. Ko ranar Babbar Sallah ba ki ba Bappa wayar mun gaisa ba, kuma ba a taɓa yin haka ba.

In fushi kike da ni ki faɗa mini. Na fi son faɗanki da wannan shirun.

'Yarki,
Ni'ima


Ƙofar Wambai, Bauchi,
14 ga Yuli, 2024

Ni'ima,

Muna lafiya, ruwa yana sauka sosai. Ina fata ku ma haka.

Na yi fushi da ke, gaskiya ne. Da na karanta cewa jikinki ba ya son tafiya sai na ce, yarinya 'yar shekara ashirin da bakwai, ni da gwiwata nake hawa keke har Fadaman Mada neman toka. Na ɗauka karatu ya sa kin raina abin gidanku. Amma ba wannan ya hana ni rubutu ba. Kunya ce.

Takardarki ga bappanki mai kyau ce, cike da ladabi. Abin da ya kamata in yi, in bi shi gida a Ƙofar Ran bayan la'asar, in zauna a ƙasa, in karanta masa daga ni sai shi, in tashi in ba shi sati ya juya ta a ransa. Na sani. A garin nan aka haife ni. Amma kin san taronmu na ranar Asabar, inda kowa yake kawo aikinsa a duba. Tun ina koyarwa, in yarinya ta rubuta abu mai kyau ba na iya riƙe shi, sai na karanta wa aji. Kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi lissafin cewa a gaban mutane ba zai iya cewa a'a ba.

Mutum goma sha tara ne a zauren. Na miƙe na karanta. Da na kai wurin da kika ce Felicia ta karɓa a madadinki, yaran suka yi tafi. Wata har da guɗa. Felicia ta sunkuyar da kai, ita ta riga ni ganewa.

Bappanki ya bari aka gama. Ya nemi takalminsa da ƙafa, ya ce, "Hajiya, da alkawarin ubana ake wa tafi?" Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce, "'Yar ƙanena ta ce ba ta so, na ji. Ba sai an tara mini yara an faɗa mini ba." Na ce ba haka kika ce ba. Ya ce shi haka ya ji.

Tun ranar bai sake tako zauren ba. Na je gidansa sau huɗu. Yana karɓata da mutunci, a kawo ruwa, mu gaisa, da na doshi maganar sai ya tambaye ni farashin masara. Felicia ta je ta durƙusa ta ce ba ta nema ba, ba ta so, ya dawo ya ci gaba yadda yake. Ya ce mata ba ta da laifi, ya sa mata albarka, bai dawo ba.

Rijiyar ta tsufa. Ruwan da ya haɗa tun kafin azumi ya gaji, sai a tsoma yadi sau goma sha biyar ya fito kamar an wanke shi da bula. Biyu daga cikin yaran sun koma rini na sinadari a gidajensu, hannuwansu duk sun ɗaye. Ban hana su ba, da wane baki?

Ke kaɗai za ki gyara wannan, da ƙafarki. In ya gan ki a ƙofarsa zai san ba ƙi kika yi ba. Ko kwana uku ne.

Innarki,
Yelwa


Ibadan,
2 ga Agusta, 2024

Inna,

Na karanta takardarki sau uku. Allah ya sa wannan ta same ki lafiya.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, don ba irin maganar da nake iya yi da ke ba ce, ke da kika goya ni. Mansir ya ce in ban rubuta ba shi zai kira ki. Ina da ciki, wata bakwai yanzu. Tun a wata na uku na fara ganin jini, likita ya ce ko kasuwa kada in je, balle Bauchi. Bara ma na yi ɓari, ban gaya wa kowa a gida ba. Karatun ma a kwance nake yin sa.

Na ɗauka in na ce jikina za ki gane. Da na san abin da kunyata za ta jawo, da na haɗiye ta tun a Afrilu.

Don Allah ki je ki gaya wa Bappa, ke kaɗai. Ki ce ban ƙi ba. In Allah ya sauke ni lafiya, da na yi arba'in zan zo in tsaya a bakin rijiyarsa duk kwanakin da ya ce.

'Yarki,
Ni'ima


Ƙofar Wambai, Bauchi,
25 ga Agusta, 2024

'Yata,

Allah ya raba lafiya, ya ba ki mai albarka. Ki kwanta kamar yadda aka ce, kada ki ɗaga ko buta. Ki yafe mini abin da na zarge ki da shi. Shekara talatin ina duba fuskokin 'yan mata ina gane abin da suke ɓoyewa, tawa 'yar ta rubuto mini ƙiri-ƙiri ban gani ba.

Na yi shawara ko in ɓoye miki abin da ke tafe saboda halin da kike ciki. Na ga ɓoye-ɓoyen ne ya kawo mu nan.

Motar Ja'afaru ta lalace a Lakwaja, takardarki ta kwana tara a hanya. Ranar da ta iso na hau keke zuwa Ƙofar Ran. Na tarar da mutane a zaure. Kwana uku kafin nan bappanki ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, ba ya magana. An kai shi asibiti an dawo da shi.

Na roƙa aka bar mu. Na zauna kusa da kunnensa na gaya masa komai. Yana ji, Ni'ima, idonsa yana kaina. Da na ce ba ƙi kika yi ba, ciki ne, sai hawaye ya gangaro masa. Ya ɗaga hannun hagu yana juya yatsa a kan zanen gado, yana matsewa, kamar mai ɗaure yadi. Na ce, "Felicia?" Ya lumshe ido.

Bayan sati muka ɗauko shi a keke, jikokinsa suka riƙe shi, muka zaunar da shi a kujera a bakin rijiya. Bai sa an kori kowa ba, amma ni na kore su, na tsaya daga bakin ƙofa. Felicia ta kwashe tsohon ruwan, ta cika sabo. Tana ɗauko kwandon toka ta nuna masa, in ya yarda ta zuba. Ga inda abin ya ɓaci: tun da ya faɗi kansa yake rawa shi kaɗai. Ba a gane i daga a'a. A kwando na biyar ni na ga ya ce ya isa, ita ta ga ya ce ƙara. Da ta tambaye shi da baki sai ya yi wani sauti, ya bugi hannun kujera.

Ashe kuma da harshe yake gane ruwan. Ba wanda ya taɓa sani, matarsa ce ta gaya mana. Felicia ta tsoma yatsa ta ɗiga masa a baki. Ya juya harshen, ya sake juyawa, ya dube ta. Ba ya jin ɗanɗano. Ya rufe ido bai sake buɗewa ba har muka mai da shi gida.

Mun zuba baba a ranar da muke zaton ruwan ya nuna. Muna jira.

Innarki,
Yelwa


Ƙofar Wambai, Bauchi,
20 ga Oktoba, 2024

Ni'ima, uwar Yasmin,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Mansir ya turo hotonta a wayar Felicia, na ce goshin gidanmu ne, ya ce hancin dai nasu ne, na bar masa. Ki riƙa shan kunun kanwa, kada ki ce karatu. Na ba Ja'afaru yaji da hular da Kubura ta ɗinka mata.

Na san an gaya miki rasuwar bappanki a waya bayan suna. Ni na ce a jira ki sauka tukuna. Ranar huɗu ga Satumba ya cika, da safe, a hannun matarsa. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri. Matar ta ce mini kwanansa ne ya ƙare, kada in ɗora wa kaina. Na gode mata. Amma wata ukun da ya yi a gida yana da baki da harshe, ni na jawo su, wannan ba mai sauke mini.

Kin ce a waya ko yanzu in kin yi arba'in za ki zo ki tsaya a bakin rijiya. Ki zo mu ga jikata, ki yi wa gwaggonki, matar marigayi, ta'aziyya. Rijiya kam ba abin da za ki karɓa.

Haɗin da muka yi a gabansa ya ruɓe, wari har maƙwabta. Felicia ta kwashe ta sake da kwando huɗu, bai yi kumfa ba sam. Na kai ta wurin wani tsohon marini a wani gari, ya gaya mata nasa ma'aunin ba rowa, amma ya ce tokarsu daban, ruwansu daban, kowace rijiya da halinta. Da shi muka yi na uku. Wannan ya nuna, ya yi kumfa shuɗiya, yaran suka yi ta murna.

Jiya Felicia ta tsoma yadi na farko. Sau ashirin ta tsoma tana shanyawa. Ya fito shuɗi, ba laifi, irin wanda za ki samu a kowace kasuwa. Da ta ɗauraye shi ruwan kwanon ya rine. Ta baza shi a igiya ta tsaya tana kallo. Ni kuma, halin da ba na bari, na matsa na ce ya yi kyau ƙwarai, wannan ai nasara ce.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Malama, kada ki yi mini haka. Shekara shida ina kallon nasa."

Da aka jima ta ce masu saye daga Abuja sun kira suna son irin na da, ta gaya musu babu, kuma ba za a ƙara samu ba. Na tambaye ta ko za ta koma Bogoro. Ta ce ba yanzu ba. Za ta ƙarasa ruwan nan, ta kwashe, ta gwada kwando biyar da rabi, ta riƙa ɗanɗanawa kullum ko harshenta zai koyi wani abu. Ta ce mai yiwuwa ya ɗauke ta shekara goma, mai yiwuwa kuma ba za ta taɓa kaiwa ba. Ban ce mata za ta kai ba.

Ki shafa mini kan Yasmin. Ki gaida Mansir.

Innarki,
Yelwa